Neman tallafin bincike a fannin ilimin bayanai: Yadda ake koyonsa da inda ake yin tuntuɓe

Kowace shekara hukumomi da gidauniyoyi na ciki da wajen Najeriya suna fitar da sanarwa cewa sun ware kuɗi domin bincike, mai so ya nema. Malaman likitanci da na aikin gona da injiniyoyi sun daɗe da sanin hanyar wannan kasuwa, har ƙanana daga cikinsu kan koyi rubuta takardar nema tun suna ɗalibai a ƙarƙashin manyansu.

A fannin ilimin bayanai kuwa, wato fannin da ya ƙunshi aikin ɗakin karatu da adana takardun tarihi da kula da fayil-fayil na ofis, da yawa daga cikin masu bincike har yanzu daga albashinsu suke yankar kuɗin aiki. Binciken da albashi ya ɗauki nauyinsa ba ya yin nisa. A buga takardar tambayoyi, a raba wa ɗaliban da ke kusa, a fitar da maƙala domin neman ƙarin girma, magana ta ƙare.

Asarar ba a jami'a kaɗai take tsayawa ba. Ma'aikacin da ya yi ritaya ya shafe watanni yana zarya saboda an rasa fayil ɗinsa, da iyalin da gara ke cinye musu rubutattun littattafan kakanni a cikin adaka, da ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a kan jita-jitar farashi, duk matsalarsu ta bayanai ce. Warware irin wannan matsala yana buƙatar bincike mai zurfi, bincike mai zurfi kuma yana cin kuɗi. Neman wannan kuɗi sana'a ce mai ƙa'idoji, kuma koyonta ake yi kamar kowace sana'a.

Fannin da tallafi ya raina

Tarihin wannan fanni a Najeriya shi kansa tarihin tallafi ne. A 1953 hukumar UNESCO ta shirya taro a Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. A 1957 Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo Harold Lancour ya nazarci halin da ɗakunan karatu suke ciki a Afirka ta Yamma, kuma a kan rahotonsa ne gidauniyar ta ba da kuɗin da aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan ɗakin karatu a Ibadan, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 1960.

A Arewa, rahoton F. A. Sharr na 1963 kan buƙatun ɗakunan karatu na yankin ya share fagen kafa sashen wannan ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1968. Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda dokarsa ta fito a 1964, ya samu taimakon Gidauniyar Ford wajen kafuwarsa. A 1990 aka buɗe cibiyar ilimin bayanai ta yankin Afirka a Jami'ar Ibadan da goyon bayan UNESCO da hukumar IDRC ta Kanada. Bayan shekarar 2000 kuma Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Ibadan da Fatakwal, kuma ɗakunan karatunsu sun amfana wajen shigar da kwamfuta cikin ayyukansu.

Akwai abin lura a wannan jeri. Manyan tallafin farko-farko sun biyo bayan rahoto ne: wani ya je ya duba, ya ƙidaya, ya rubuta abin da ya gani da abin da za a yi. Kuɗi sun bi hujja. Wannan ɗabi'a ta masu ba da tallafi ba ta canza ba har gobe.

Abin da ake nufi da tallafin bincike

Tallafin bincike ya bambanta da rance, domin ba a mayar da kuɗin. Ya kuma bambanta da kyauta, domin wanda ya karɓa ba shi da ikon kashewa yadda ya ga dama. Ya fi kama da kwangila: mai bayarwa yana da burin da yake son cimmawa, mai nema ya yi alƙawarin kai shi ga wani yanki na burin a cikin ƙayyadadden lokaci da ƙayyadadden kuɗi, sannan ya kawo rahoto da rasidai.

Kuskuren farko na sabon mai nema shi ne ya cika takardarsa da koke. Ɗakin karatunmu ba wuta, littattafanmu sun tsufa, kwamfutocinmu sun mutu. Duk wannan yana iya zama gaskiya, amma masu tantancewa suna karanta irinsa daga ko'ina. Abin da suke nema shi ne tambayar da ba a riga an amsa ba, da hanyar amsa ta, da shaidar cewa wannan mai nema zai iya.

Ɗan kasuwa ya san wannan tun a rumfa. Wanda ya je wurin uban gida neman jari ya ce masa yana cikin matsi, abin da zai samu bai wuce na cefane ba. Wanda ya zo da lissafi, ga kayan da zai saro, ga inda zai sayar, ga ranar da zai dawo da bayani, shi ake buɗe wa sito.

Ƙofar cikin gida

Ga malamin jami'a ko kwalejin fasaha ko kwalejin ilimi ta gwamnati, babbar ƙofa ita ce Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund. An kafa shi da dokar 2011 a madadin Asusun Harajin Ilimi na 1993. Kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni suke fitowa, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100, ya koma kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan ya kai kashi 3 a 2023. Makarantu masu zaman kansu ba sa cikin masu cin gajiyarsa.

Asusun yana da tallafin bincike iri biyu da ya kamata sabon mai nema ya rarrabe. Na farko shi ne ƙaramin tallafi na matakin makaranta, wanda a shekarun baya iyakarsa ta daɗe a kan naira miliyan 2 ga kowane aiki. Ana nemansa ta hannun kwamitin bincike na makarantar mutum, kuma shi ne makarantar koyon sana'ar. Na biyu shi ne Asusun Bincike na Ƙasa, wanda ake gasarsa a faɗin ƙasa, aka kuma ware masa naira biliyan 5 a 2019, biliyan 7.5 a 2020 da biliyan 8.5 a 2021. A waɗannan shekaru aiki guda yana iya samun har naira miliyan 50.

Gasar Asusun na Ƙasa hawa-hawa ce. Ana fara aika taƙaitacciyar takardar manufa. Waɗanda suka tsallake sai a nemi su kawo cikakken kundi, waɗanda kundinsu ya yi kyau kuma a gayyace su su kare shi baki da baki a gaban kwamitin masana. An kasa ayyukan gida uku: kimiyya da injiniyanci da fasaha, sai ilimin ɗan Adam da zamantakewa, sai kuma batutuwan da suka ratsa fannoni da yawa. Binciken bayanai yana iya shiga na biyu ko na uku, gwargwadon tambayarsa. Ana kuma son a nema a matsayin tawaga ƙarƙashin gogaggen malami, tare da ƙananan malamai da za su koyi aiki.

A nan akwai wani tuntuɓe da ya keɓanci ma'aikatan ɗakin karatu. TETFund yana da wani kaso na daban domin bunƙasa ɗakunan karatu, wanda daga cikinsa ake sayen littattafai da kayan aiki. Wanda ya shigar da jerin kwamfutoci da kantocin littattafai a takardar neman kuɗin bincike ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba.

Ƙofofin waje

Ga masu aikin adana takardun tarihi, sanannen tallafi shi ne shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004 da kuɗin Gidauniyar Arcadia. Shirin yana biyan kuɗin gano tsofaffin takardu da tsara jerinsu da ɗaukar hotonsu zuwa kwamfuta. Yana da ƙaramin tallafi na gwaji, inda ake zagayawa a gano abin da ke akwai, da babban tallafi na ainihin aikin. Shi ma nemansa mataki biyu ne.

Sharuɗɗansa sun cancanci a san su tun kafin a ɗauki alƙalami. Takardun asali ba sa barin ƙasarsu. Ana ajiye kwafi a wata cibiya ta cikin ƙasar, a aika wani Landan, a kuma ɗora shi a intanet kowa ya karanta kyauta. Kayan aikin da aka saya suna zama a hannun cibiyar cikin gida bayan an kammala. Ta wannan shiri ne masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya jagoranci ɗaukar hoton wasu takardu na Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ita dai Gidauniyar Arcadia tana ɗaukar nauyin wani shirin a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, wanda ya mayar da hankali kan kayan zamani kamar jaridu da hotuna da kaset da fina-finai. Ƙasar da ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, take kuma da tarin kaset na mawaƙa da na wa'azi da littattafan marubutan Kano, ba za ta rasa abin gabatarwa ba. Haka nan Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubutattun littattafai na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, duk wurare ne da mai bincike zai iya ƙulla haɗin gwiwa da su.

Ga mai binciken zamantakewa akwai majalisar CODESRIA da ke Dakar, wadda tun 1973 take tallafa wa masanan Afirka, akwai kuma IDRC. Wani abin da gogaggu suka gane shi ne, kuɗin binciken bayanai sau da yawa ba da sunan bayanai suke zuwa ba. Suna zuwa ne a cikin sanarwar lafiya ko noma ko shugabanci. Tawagar da ke binciken rigakafi tana buƙatar wanda ya san yadda jita-jita ke yawo a WhatsApp, ta noma kuma tana buƙatar wanda ya san ta inda manomi yake jin labari. Masanin bayanai da ya iya shiga irin waɗannan tawagogi ya faɗaɗa wa kansa kasuwa.

Tambaya ita ce jari

Duk sauran sassan kundi a kan tambayar bincike suke tsayawa, kuma a nan ne mafi yawan takardu suke faɗuwa. A ɗauki misalin malamai biyu. Na farko ya ce zai nazarci samuwar kayan karatu da yadda ake amfani da su a ɗakunan karatu na manyan makarantun wata shiyya. Mai tantancewa ya san amsar tun kafin a fara: kayan ba su isa ba, wuta ba ta tsayawa, a ƙara kuɗi. Babu dalilin biyan miliyoyi domin a ji abin da aka riga aka sani.

Na biyu ya ce zai bi sawun fayil-fayil na ma'aikatan da suka yi ritaya a ma'aikatu uku, daga ranar da aka nemi fayil zuwa ranar da aka same shi. Zai auna kwanakin da ake ɗauka, ya gano teburin da fayil ya fi daɗewa a kai, sannan ya gwada sabon tsarin lamba a ma'aikata guda ya kwatanta da sauran biyun. Wannan tambaya tana da iyaka, ana iya auna ta, ba a san amsarta ba tukuna, kuma akwai wanda zai yi aiki da sakamakon, wato shugaban ma'aikata da hukumar fansho.

Akwai bincike na gaske da ke nuna ƙarfin tambaya mai kaifi. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki a Jami'ar Tufts ta Amurka, ta nazarci kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar a lokacin da wayar salula take shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, tsakanin 2001 da 2006. Tambayarta guda ce: idan ɗan kasuwa ya samu damar jin farashin wata kasuwa ba tare da ya yi tafiya ba, me zai faru da farashi? Sakamakon da ta wallafa a 2010 ya nuna cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Duk wani dillali a Dawanau ya san waya ta sauƙaƙa ciniki. Abin da binciken ya ƙara shi ne adadi, kuma da adadi ake shawo kan mai tsara manufa.

Hanyar gwada tambaya mai sauƙi ce. Mai nema ya faɗe ta a jimla biyu ga wanda ba ɗan fannin ba. Idan mai sauraro ya gane abin da za a gano da wanda zai amfana, tambayar ta nuna. Idan sai an yi masa dogon sharhi, da sauran aiki. Wannan yana da muhimmanci domin kwamitocin tantancewa kan haɗa masana daga fannoni daban-daban, kuma mai yiwuwa ne babu masanin ɗakin karatu ko ɗaya a cikinsu.

Ginin kundi

Kafin rubutu akwai karatu. Sanarwar neman masu bincike takan faɗi wanda ya cancanta, da batutuwan da ake so, da yawan shafuka, da abin da ba za a biya ba, da ranar rufewa. Takardu da yawa ba sa kaiwa gaban masana, domin tun a ofis ake ware waɗanda suka saɓa wa waɗannan ƙa'idoji. Yana da amfani kuma mai nema ya duba jerin ayyukan da gidauniyar ta biya a baya, waɗanda yawanci suna shafinta na intanet, don ya san irin abin da take so, ya kuma tabbatar ba a riga an yi nasa ba.

Kundi yakan buɗe da taƙaitawa, kuma ita ce aka fi karantawa, don haka a ƙarshe ake rubuta ta bayan komai ya zauna. Sai bayanin matsala, wanda ake so ya zo da hujja daga wurin da za a yi aikin. Sai bitar abin da magabata suka rubuta, inda manufa ita ce a nuna giɓin da suka bari. Jera sunayen marubuta ba tare da nuna giɓin ba ɓata shafi ne.

Sashen hanyar bincike shi ne inda masana suka fi zura ido. Wa za a tambaya, su nawa, ta yaya aka zaɓe su, da wane harshe? Idan takardu za a ɗauka, shafi nawa ne, ina suke, wa ya ba da izini? Mai neman da ya rubuta cewa zai ɗauki hoton dukkan rubutattun littattafan wani gari ya nuna bai taɓa yin aikin ba. Wanda ya ce ya ziyarci gidaje shida, ya ƙidaya abin da ke cikinsu, ya kuma haɗa da wasiƙun amincewar masu su, ya nuna ya taka ƙasa. Wannan ɗan aikin share fage mai nema ne yake yin sa da guminsa, ko da ƙaramin tallafin makaranta, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Daga nan sai jadawalin aiki wata-wata, da bayanin tawaga da aikin kowa, da abin da za a miƙa a ƙarshe. A fannin bayanai maƙala kaɗai ba ta isa ba. Ana sa ran fihirisa, ko rumbun bayanai, ko jagorar aiki da wata ma'aikata za ta ɗauka. Masu ba da tallafi kuma suna tambayar makomar aikin bayan kuɗi sun ƙare: wa zai riƙe rumbun, a kan wace na'ura, wa zai biya kuɗin wuta da na intanet?

Kasafi

Kasafi labarin aikin ne a cikin lambobi, kuma dole kowane layi nasa ya samo asali daga hanyar bincike. A ce akwai shafi 20,000 da za a ɗauka, kuma gwaji ya nuna mutum biyu da kyamara guda suna iya shafi 400 a rana. Kwanakin aiki 50 ke nan. Daga wannan lissafi alawus na mataimaka da kuɗin mota da na masauki da girman ma'ajiyar kwamfuta za su fito. Mai tantancewa yana iya bin lissafin da kansa ya ga ya daidaita.

Kumbura kasafi yana kashe takarda, domin masu dubawa sun san farashi. Rage shi fiye da kima don a burge shi ma illa ne, saboda aikin zai tsaya a tsakiya. Sannan akwai batun canjin kuɗi. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya tsara sayen kayan waje da tsohon farashi ya ga yadda kasafi ke narkewa. Saboda haka ana so a samo farashi a rubuce daga masu sayarwa, a sa kwanan wata, a kuma sayi kayan aiki da zarar kason farko ya shigo.

Yawancin tallafi asusun makaranta yake shiga, ba aljihun mai bincike ba. Don haka tun kafin a aika takarda ya kamata a zauna da ofishin ma'aji da ofishin kula da bincike, a san ƙa'idar sayen kaya da tsawon lokacin da fitar da kuɗi yake ɗauka. Tsarin asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, wanda aka tilasta a 2015, ya daɗe yana jawo ƙorafin jinkiri daga masu bincike, har a 2024 gwamnati ta ba da umarnin cire kuɗin tallafin bincike da wasu suka bai wa jami'o'in tarayya daga cikinsa.

Amanar bayanan mutane

Mai binciken bayanai yana taɓa abin da ba nasa ba: fayil ɗin ma'aikaci, wasiƙun iyali, littafin bashin ɗan kasuwa, saƙonnin waya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara bayanan mutane, kuma gidauniyoyi da yawa ba sa sakin kuɗi sai sun ga amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Kundi mai kyau yana faɗin yadda za a nemi izini, da yadda za a ɓoye sunaye, da inda za a ajiye bayanan. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma makami ce ga mai neman takardun hukuma, ita kanta ma fagen bincike ce: buƙatu nawa ake amsawa a cikin kwana bakwai da dokar ta tanada?

A aikin rubutattun littattafai amanar ta fi nauyi. Iyalan da suka gaji littattafai suna da haƙƙin a bayyana musu ƙarara cewa hoton zai hau intanet, duniya ta gani. Akwai abin da za su yarda a ɗauka, akwai wanda za su ce a bari, kamar takardun gado ko na asirin gida. Mai binciken da ya ɓoye wannan don ya samu sa hannu ya toshe ƙofa ga duk wanda zai zo bayansa. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa tawagar da ta haɗa da malamin zaure mai karanta ajami da warash ta fi wadda ta tsaya a kan masu digiri kaɗai.

Bayan an samu, da bayan an rasa

Samun tallafi farkon aiki ne. Kuɗin kashi-kashi suke zuwa, kuma ba a sakin na gaba sai an kawo rahoton ci gaba da rasidan na baya. Karkatar da kuɗi daga layin da aka amince zuwa wani ba tare da izini a rubuce ba laifi ne, ko da niyyar kirki aka yi. Wanda ya karɓa bai kammala ba yana jawo wa kansa da makarantarsa baƙin jini, domin masu ba da tallafi suna ajiye tarihi.

Rashin samu kuwa shi ne abin da aka fi saba gani, har ga manyan farfesoshi, saboda masu nema sun fi kuɗin yawa. Idan an turo sharhin masu tantancewa, shi ne darasi mafi tsada da mai nema zai samu kyauta. A gyara, a sake aikawa a zagaye na gaba ko a wata ƙofar.

Dole kuma a yi hattara da 'yan damfara. Gidauniyar gaske ba ta neman kuɗin rajista ko na sakin tallafi, ba ta kuma ba mutum kuɗin da bai nema ba. Duk saƙon da ya ce an ci tallafi amma sai an tura wani abu, tarko ne.

Inda ake koyo

Hanya mafi inganci ita ce bin gogagge: ƙaramin malami ya shiga tawagar babba, ya ga yadda ake haɗa kasafi da yadda ake amsa tambayoyin kwamiti. Karanta kundin da ya taɓa yin nasara ya fi laccoci goma. Jami'o'i da yawa suna da ofishin kula da bincike da ke shirya bita, Ƙungiyar Ma'aikatan Ɗakin Karatu ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962, ita ma tana taruka, haka ƙungiyar AfLIA ta nahiyar Afirka mai hedikwata a Akara. Shirin Research4Life kuma yana bai wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallun ilimi kyauta ko a farashi mai rahusa, abin da ke sauƙaƙa bitar ayyukan magabata.

Ma'aikacin rajista ko na ɗakin karatun jiha da ba ya koyarwa a babbar makaranta ba a rufe masa hanya ba. Yana iya shiga tawagar malaman jami'a a matsayin abokin aiki, kuma shi ne yake da abin da su ba su da shi, wato sanin inda takardu suke da yadda suke tafiya. Su ma attajirai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suka saba gina azuzuwa da asibitoci suna iya ɗaukar nauyin tsara fihirisar littattafan wani gida, ko adana tarihin kasuwarsu, da kuɗin da bai kai na gini guda ba, muddin mai nema ya zo musu da lissafi irin wanda suka saba gani.

Sanarwar tallafi takan ba da makonni kaɗan ne kafin a rufe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Masu samu su ne waɗanda sanarwa take tarar da su da tambayarsu a rubuce a shafi guda, da tarihin aikinsu a sabunte, da wasiƙun abokan haɗin gwiwa a hannu, da farashin kayan aiki na wannan watan.